Tsohon da Ya Tashi Daga Kekena

Wahala na sha ta a shekarar nan, ba zan yi mata kwalliya ba. Da rana ina tura mutanen da ban sani ba, da yamma in dawo in ɗaga matar da na sani. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Duk wanda ya ce zaman Makka hutu ne, ya zo ya karɓi hannun keke na wuni guda, sai mu yi magana.

Sana'ata turin keke a Harami. Arabiyya muke ce masa a nan, keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. A garin nan aka haife ni. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya biyo ta Sudan, ya ga Ka'aba ya ce shi ya iso. Karatu ban yi nisa ba. Abin da na sani shi ne nauyin mutane. Ina ɗora hannu a ƙarƙashin hammatar tsoho in ɗaga shi, in gaya maka ko ƙafarsa tana taya ni ko ta bar mini aikin ni kaɗai.

Matata, uwar 'ya'yana, ɓarin jikinta na hagu ya shanye bayan ƙaramar Sallah. A kicin ta faɗi, ludayi a hannu. Likitar da ta duba ta a asibiti ta ce ƙafar ba ta mutu ba, amma in aka bar ta babu motsi za ta ƙage, in kuwa ta ƙage to ta ƙage ke nan. Ta koya mata yadda za ta riƙa lanƙwasa ta tana miƙewa, da yadda za ta tsaya a riƙe ta. Kullum da safe muke yi kafin in fita. Tana yi tana kuka, tana zagin ƙafar kamar wata kishiya da ta ci amanarta, amma dai tana yi. Yatsun har sun fara motsi.

Ana cikin haka wani saurayi ya tare ni a bakin wani masauki a unguwar Jarwal, ya ce in zo in tura mahaifinsa, umara suka zo daga Najeriya. Tsoho ne ƙanƙani, gemu fari fat, ido kamar na yaro mai neman tsokana. Ni da ɗan muka ciccibe shi daga kujera zuwa keke. Na ji ƙafafun. Ba matattu ba ne, amma ba su taya ni da komai ba.

"Direba," in ji shi, "kana da lasin kuwa?"

"Baba, zauna da kyau. Wanda ya ba ni lasin ya riga ka tsufa."

Ya yi dariya har da tari. Haka ya yi ta kirana direba har muka gama ɗawafi muka shiga sa'ayi.

Wanda bai taɓa zuwa ba, tsakanin Safa da Marwa akwai wani tsaki da aka yi wa alama da korayen fitilu a sama. Nan maza suke sassarfa, don tunawa da baiwar Allahn da ta yi gudu a wurin tana neman wa jaririnta ruwa. Mu masu turi, in mun zo nan sai mu ƙara sauri, don wanda ke zaune ya sami rabonsa na sassarfar da ƙafafunmu. Al'adar aikin ke nan. To, a zagayen ƙarshe, muna shiga ƙarƙashin koren hasken, na sunkuya zan ƙara mai, sai tsoho ya daki hannun keke.

"Direba, taka birki."

Na tsaya. Na zaci fitsari ne. Sai ya dafa, ya miƙe. Ɗansa ya kawo hannu, ya ture shi. Ya tafi. Ba sassarfa ba ce, kada in yi ƙarya, tafiya ce irin ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu, yana tangaɗi, haraminsa na zamewa daga kafaɗa. Amma ya tafi shi kaɗai, bai dafa kowa ba, tun daga farkon koren har ƙarshensa. Mutane suka dare masa. Wani ya yi kabbara, wasu suka amsa. Yana fita daga hasken gwiwoyin suka lanƙwashe, na tura keke na tare shi. Ya zauna yana haki, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To, direba, ci gaba da aikinka."

Abin da na gani ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ashe wani ya ɗauka a waya. Kafin Juma'a ta zagayo, hoton ya shiga ko'ina. An yanke wurin da ya faɗo cikin keke. Ni ga ni nan a baya, riƙe da keke babu kowa, baki buɗe kamar an ce in nuna haƙori. Wani ya ɗora murya a kai ya ce tsohon ya daɗe bai taka ba. Da hoton ya sake dawowa ta wata hanya, tsoho ya zama gurgu tun haihuwa. Na uku da aka turo mini, har makanta an ƙara masa. Abokan aiki suka samu abin yi.

"Ga waliyyi nan ya iso! Shehu mai arabiyya, shafa mini ƙugu, tun jiya yake ciwo."

"Matsa can, ya shaikh. Da ina da wannan sirrin da bayana na fara."

Mu masu turi mun san abin da baƙo bai sani ba. Da yawa daga waɗanda muke turawa suna da ƙafa. Gajiya ce, ko ciwon suga, ko 'ya'ya ne ke son a ga sun kula da uba. Kullum mutum na tashi daga keke ya shiga bayi da kansa, ba wanda ya yi kabbara. Shi ya sa abokaina suke dariya. Ni ban yi dariyar sosai ba, don ni na ɗaga tsohon nan, na san abin da hannuna ya ji.

'Yarmu ta fari, wadda ke aure nan kusa da mu a Rusaifa, ita ta nuna wa uwarta. Da kyakkyawar niyya ta yi, wai ga Baba ya yi suna. Na dawo na tarar da matata ta ƙura wa wayar ido.

"Baban yara, a kekenka wannan ya faru, ba ka gaya mini ba?"

"Hajiya, ba haka abin yake ba. An yi masa gishiri."

"Ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi."

"To."

Washegari na kawo hannu don mu yi motsin ƙafa, ta ce in bari. Ta ce me za ta yi da lanƙwasa da miƙewa kamar mai koyon rarrafe, alhali ga ƙofar Allah a buɗe nan kusa da gida, mijinta ne ma mai gadin ƙofar. Baƙo daga wata duniya ya zo ya samu, ita da take jin kiran sallar Harami daga tagarta fa? Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce in kai ta kawai.

Na kai ta. Muka je Tan'im ta ɗauki harama, na ɗora ta a kekena, na yi mata ɗawafi. Tun da nake turi ban taɓa jin keke ya yi mini nauyi irin na ranar ba, alhali ta rame. A sa'ayi, duk zagaye in mun zo koren sai in ji ta riƙe numfashi. A na ƙarshe ta ce in tsaya. Ta dafa da hannun dama, ta yi bismilla, ta yunƙura. Ƙafar hagu ta naɗe a ƙarƙashinta kamar tsumma. Na cafe ta kafin ta kai ƙasa. Mai tsaron wurin yana ta yi mana hannu mu matsa, muna tare hanya. Ta ce in sake ɗaga ta. Na ɗaga. Haka dai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Daga ranar ta juya fuska ga bango. Abinci sai an yi da gaske. Ƙafa kuwa ko taɓawa ba ta yarda a yi. Magana ɗaya ta faɗa mini: "Allah ya duba zuciyar tsohon nan ya ga abin da bai gani a tawa ba." Ina kallon yatsun da suka fara motsi suna komawa jiya. Maganar likita tana yi mini yawo a ka.

Haushi ya kai ni Jarwal. Ban san me zan ce ba, na dai san ina son in ga mutumin da ya jawo mini wannan. Ɗansa ya shigar da ni. Na tarar da mai abin al'ajabi kwance a gado, gwiwoyi sun kumbura kamar ƙullun da ya tashi, ɗakin duk warin man zafi.

"A'a, direba! Ka zo karɓar tukuicin mu'ujiza?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba."

Na zauna a bakin ɗaya gadon na zazzage masa komai. Bai katse ni ba. Ina cikin magana wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya kife ta.

"Ƙanwata ce daga gida," in ji shi. "Ta kai hoton nan cocinsu, an yi waƙa a kai. Ta ce addu'arta ce ta biyo ni har nan. Limamin unguwarmu kuma ya ce zamzam ne. Kowa ya yanki rabonsa, ni mai naman an bar ni da ƙashi."

"Coci?"

"Ai ni asalina ɗan coci ne, direba. Mutanen kan dutse ne mu. Sai da na yi furfura a gefen kunne na musulunta. Ina saurayi ni ke tsayawa in karanta wa mutanen ƙauyenmu littafi ranar Lahadi, don ni kaɗai na iya boko da Hausa."

Ban taɓa zama da wanda ya fito daga can ba, a garin nan ina za ka gan su. Sai abin da ke cina ya fito ta wata hanya. Na ce, "To Baba, kai ka san labaran warkarwar Annabi Isa, alaihissalam, irin yadda su suke ba da su. Ni na ga abu da idona, ko mako biyu ba a yi ba an mayar da kai makaho. Waɗancan da aka yi ta faɗa baki da baki shekara da shekaru kafin a rubuta fa? Me ya rage a ciki? Ni yanzu kowane labarin warkewa na ji, sai in ga hoton nan da bakina a buɗe."

Ya gyara matashi. "Ka yi tambayar da ta hana ni sukuni ina saurayi. Ni yanzu Musulmi ne. Abin da Littafinmu ya tabbatar, cewa ya warkar da makaho da kuturu ya ta da matacce da izinin Allah, wannan na riƙe shi da hannu biyu. Sauran bayanan da ke wurinsu, malamai sun ce kada mu gaskata kada mu ƙaryata, ni ma a nan na tsaya. Amma na karanta su har na haddace, zan gaya maka abin da na lura."

Ya ce ba mutum ɗaya ya rubuta ba, kuma ba a ranar aka rubuta ba. Wani zai ce makaho ɗaya ne a bakin hanya, wani ya ce biyu ne. Wani ya ce ana shiga gari ne, wani ya ce ana fita. Ya ce wannan ya dame shi ƙwarai, har ya kai ƙara wurin wani kawunsa da ya daɗe yana zama a gaban alƙali yana sauraron shari'ar gona. Kawun ya ce masa, shaidun da bakinsu ya zo ɗaya har a tari da atishawa, sun kwana ɗaki ɗaya ne kafin su zo. Waɗanda suka saɓa a launin akuya amma suka haɗu a kan an sace akuya, su alƙali ke saurara.

"Sa'an nan ka duba maƙiyansa," in ji tsohon. "Ba su ce bai yi ba. Cewa suka yi sihiri ne. Wannan har a wurinmu haka yake. Mutum ba ya neman sunan da zai ɓata abu sai abin ya tsaya masa a gaba."

"Amma an yi ƙari."

"An yi mana. Waɗanda aka rubuta can baya, da nisa, sun fi kowanne kumbura, har su kansu manyan cocin na dā suka ajiye wasu gefe. Ɗan Adam ba ya iya riƙe labari mai daɗi bai sa masa yaji ba. To amma direba, ni da aka ce makaho ne, ƙarya aka yi. Na tashi ko ban tashi ba?"

Tambayar matata ce sak. Na ce, "Ka tashi."

"Ruwa ba ya tsami banza. Aikinka ka san inda gaskiya ta tsaya, ka tsaya a nan, ko an ja ka gaba ko an ja ka baya."

Can na ce, "Wannan duk ba zai sa ta lanƙwasa ƙafa ba."

"Ina gidan naku?"

Ɗansa ya ce Baba ba ka da lafiya, jibi za mu tashi. Tsoho ya ce shi da ya zo da direbansa, wa ya tambaye shi. Bayan la'asar muka ciccibe shi cikin tasi, keke a bayan motar, muka nufi Rusaifa.

Na shiga na ce wa matata ta yafa mayafi, ga baƙo. Ta ce ba ta son ganin kowa. Na ce wannan kam za ki gan shi. Na turo shi har ƙofar ɗaki. Ta juyo, ta dube shi, ta dubi keken, ta sake dubansa. Ta gane fuskar.

"Sannu, 'yata," in ji shi. "Ga gurgun nan makaho da kika ji labari. Ki yi haƙuri, ban zo da ƙafa ba, suna hutu."

"Baba... kai ne? Me ya mayar da kai keke?"

"Ban taɓa barinsa ba. Aro na fita na dawo."

Sai ta ce, "Ashe ƙarya ce."

"A'a. Kada ki yi wa Allah rowa. Bari ki ji yadda aka yi."

Ya ce ciwon baya ne ya kwantar da shi, ƙafafun suka saki. Da ɗansa ya ce zai kawo shi umara, sai ya ƙudura a ransa ba zai zo ɗakin Allah a yi masa komai da ƙafar haya ba. Ya sa aka ɗaura masa igiya daga gadonsa zuwa bakin ƙofa. Kullum yana kama ta yana jan jiki. Tun ana shuka yake yi, aka yi girbi yana yi, aka sake shuka yana yi. Ya faɗi har goshinsa ya san kowane rami a daɓen ɗakin. Jikokinsa suna leƙe suna dariya.

"Duk da haka ban taɓa wuce ƙofar ba, kuma ban taɓa sakin igiya ba. Ranar nan babu igiya, kuma tsawon wurin ya ninka ɗakina ban san sau nawa ba. Igiya ta kai ni ƙofa. Wanda ya kai ni sauran, ni na san ba ni ba ne. Ki kira shi abin da kike so. Amma mai hoton bai zo ɗakina lokacin igiya ba."

Matata ta ce, "Ni na je wurin. Na roƙa. Na faɗi a gaban mutane."

"Na ji. Ni ma na faɗi, an dai yanke wurin ne."

Wani abu kamar dariya ya kubce mata, ta danne shi.

Sai ya ce zai ba ta wani labari daga waɗanda yake karanta wa mutanen ƙauyensu, ta ɗauka yadda malamai suka ce a ɗauka. Wai an kawo wa Annabi Isa wani makaho. Ya ja shi bayan gari, ya taɓa idonsa, ya tambaye shi ko yana gani. Mutumin ya ce yana ganin wasu abubuwa dishi-dishi, mutane ne amma ba ya bambance su da kututture. Sai da aka sake taɓawa sannan ya gani sosai.

"A duk labaran, wannan na fi yarda da shi," in ji tsohon. "Mai ƙirƙira ba zai ƙirƙiri warkewa rabi ba. Mai son ya burge, taɓawa ɗaya zai ce, ido ya buɗe tar. Wanda ya ba da wannan, ina jin yana wurin, ya faɗa yadda ya gani ko da bai yi kyau ba. Kamar mijin nan naki mai taurin kai, da ya ce mini tafiyata ta ɗan akuya ce."

"Ban faɗa a gabanka ba, Baba."

"Fuskarka ta faɗa, ai duniya ta gani."

Wannan karon ta yi dariyar, da gefen bakin da ke aiki.

Ya ce akwai wani abu kuma da bai lura da shi ba sai da ya kwanta ciwo. A labaran nan, da wuya a warkar da mutum ba a ba shi aiki ba. Wani a ce ya je ya wanke idonsa a tafki, yana makahonsa zai lalubi hanya. Wani a ce ya miƙa shanyayyen hannun, hannun da bai miƙuwa. Wani a ce ya naɗe tabarmarsa ya ɗauka da kansa. Yarinyar da aka tayar, iyayen suna ta mamaki, aka ce su bar mamaki su ba ta abinci.

"Kuma ba kowa aka warkar ba, 'yata. Garuruwan cike suke da marasa lafiya, ya wuce ya bar da yawa. Ba a ce waɗanda aka bari zuciyarsu ce ba ta da kyau ba. Har an tambaye shi game da wani makaho, laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba. Waɗanda aka warkar ɗin ma sun tsufa, gwiwa ta kumbura, sun mutu. Alama ce aka nuna, cewa Mai abin yana nan kuma yana gani. Ba a ce an rufe asibiti ba."

Matata tana wasa da bakin mayafi. Ta ce, "Yatsuna sun fara motsi, kafin in bari."

"Yatsu? Ni sai da na yi wata da watanni kafin babban yatsa ya gaishe ni. Ke an yi miki taɓawar farko kina cewa an manta da ke? Mu gani."

Ta dube ni. Na ɗage bargo daga ƙafar. Muka zuba wa yatsun ido mu uku, har da ɗan tsohon daga bakin ƙofa. Ta cije leɓe. Shiru. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Can babban yatsan ya ɗan noƙe, kaɗan, kamar mai jin kunyar baƙo.

"Allahu akbar," in ji tsoho a hankali. "Direba, kada ka ɗauka a waya. Kafin jibi za a ce ta yi tsere da mota."

Aka kira magariba. Na yi masa tayin abinci, ya ce ɗansa zai yi masa faɗa in ya wuce lokacin magani. Da zan juya keken, matata ta ce, "Baba, igiyar nan, wace iri ce?"

"Ta ɗaurin jaki. Amma ke 'yar birni ce, mijinki ya nemo miki abin da ya fi."

"Ka sa ni a addu'a."

"Ke ce a Makka, ni baƙo ne. Ke za ki sa ni."

Na mayar da su Jarwal. A bakin masauki na ɗaga shi, ƙafafun nan dai ba su taya ni da komai ba. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko ya ƙara takawa ba. Da na dawo gida na tarar ta cinye abincin da 'yarmu ta ajiye tun rana, tana faɗa wai gishiri ya yi kaɗan.

Da gari ya waye ban je Harami ba. Na tafi shagon masu kayan famfo a bakin titinmu, na sa aka yanko mini bututun ƙarfe mai kauri, na ari na'urar huda bango wurin maƙwabci. Na kafa shi a jikin bango daidai ƙugunta, daga bakin gado zuwa ƙofa. Tana kwance tana ba da umarni, wai ya karkace, wai ni ko ƙusa ban iya bugawa ba. Na rataya a jikinsa da duk nauyina, bai motsa ba. Na share ƙurar siminti, na zo na sa hannu a ƙarƙashin hammatarta.

"Yalla, Hajiya. Kama."

Ta kama. Na ɗaga, na ji ƙafar dama ta karɓi nata. Ta hagun kuma, can ƙasa, kaɗan, ta taya ni.